Fitila ɗaya ce ko gari guda? Aikina kan galaksi masu nisa daga Marwa

Tambaya ɗaya malamina ya ɗora mini a digiri na biyu a nan Marwa: idan galaksi mai nisa, wato tarin biliyoyin taurari, tana haske fiye da kima, daga ina hasken yake fitowa? Daga sabbin taurarin da take haifa, ko daga baƙin ramin da ke cibiyarta, wato dunƙulen nauyin da ko haske ba ya kuɓuce masa, yana haɗiyar gas da ke ƙyalli kafin ya faɗa ciki? Ba mu da na'urar hangen nesa, kuma aikin bai buƙace ta ba. Bayanan Herschel, wadda ta yi aiki daga 2009 har sinadarin da ke sanyaya ta ya ƙare a 2013, da na Spitzer da Chandra, dukansu na'urorin hangen nesa da aka harba sararin samaniya, duk suna intanet kyauta. Abin da ya ci mini aljihu kuɗin data ne, sai kuma zaman jiran wuta.

Na ɗauki filin sama da ake kira COSMOS. Yawancin galaksin da na tsinta a ciki haskensu ya baro gida kusan shekaru biliyan 10 da suka wuce, zamanin da haihuwar taurari ta kai ƙololuwa, baƙaƙen ramuka ma suka fi saurin ƙiba. Tamu galaksin a shekara ba ta wuce haifar taurari masu nauyin rana ɗaya ko biyu. Waɗannan kuwa ɗaruruwa. Wasunsu haskensu ya zarce na rana tiriliyan ɗaya, irin ajin da tauraron ɗan'adam na IRAS ya bankaɗo a 1983.

Matsalar ƙura ce. Duk wanda ya taso a ƙasar nan ya san dare a lokacin hunturu, sa'ad da ƙurar Bodele ta taso daga Chadi ta rufe mu: ka hango wani haske ja can nesa, ba ka iya cewa babbar fitila ɗaya ce ko gari guda ne ya kunna wuta. Haka waɗannan galaksi suke. Ƙura ta shanye hasken, ta ɗumama, ta sake fitar da shi a matsayin hasken zafi da ido ba ya gani. Sai dai zafin yana tona asiri. Ƙurar da ke dab da baƙin rami tana iya haura digiri 1,000, tana bayyana a haske mai gajeren zango, wajen maikiron 24 na Spitzer (maikiron ma'aunin tsawon zangon haske ne). Wadda taurari suka ɗumama kuwa sanyi gare ta ƙarara, wajen digiri 240 ƙasa da sifiri, ita Herschel ke kamawa a maikiron 250, 350 da 500. Aikina shi ne in raba hasken kowace galaksi gida biyu, in ba kowa rabonsa.

A takarda abin kamar wasa. A aikace hoton Herschel dishi-dishi yake, ɗigo ɗaya yana iya zama galaksi biyu ko uku sun haɗe. Chandra kuma, mai kama hasken eksire, da ake dogara da ita wajen gano ramin da ke ci, ba ta ganin wanda ya lulluɓe da gas mai kauri sosai. Wato jerin da ka kira "marasa ramin da ke ci" akwai masu shi a ɓoye ciki.

Labarin da kowa ke so ya ji shi ne ramin yana hura iska mai ƙarfi, ya kore gas, ya kashe haihuwar taurari. Lissafin kwamfuta ma yana buƙatar wani abu irin wannan, in ba haka ba manyan galaksi su yi girman da ba a gani a sama. A 2012 wani bincike da bayanan Herschel ya ce ya ga alamar hakan, a shekarar kuma wani da ya duba galaksi masu yawa ya ce bai gani ba. Nawa ɗan jerin ya bi na biyun: masu ramin da ke ci da marasa shi, haihuwar taurarinsu kusan ɗaya.

Na kai wa malam ina ɗan jin nauyi. Ya duba ya ce, "Ɗana, ramin nan yau yana ci gobe yana azumi. Kai kuma kana auna taurarin shekaru miliyan ɗari."

Nan abin ya warware mini. Hasken ƙura mai sanyi matsakaicin shekaru kusan miliyan 100 yake nunawa, shi kuwa ramin yana iya kunnuwa ya mutu cikin ɗan ƙaramin kaso na wannan lokaci. Hoto ɗaya ba zai nuna maka abin da ya yi jiya ba, balle abin da zai jawo nan gaba. Ni dai tun daga nan ba na saurin yarda da duk wanda ya nuna galaksi guda ya ce ga ramin ya kashe ta.

Sai muka juya lissafin. Na tara galaksi bisa yawan taurarin da suke haifa, na ɗauki matsakaicin hasken eksire na kowane rukuni, har da waɗanda Chandra ba ta gani ɗaya-ɗaya ba. A nan dangantaka ta fito, kamar yadda wasu suka riga ni samu: inda taurari suka fi haihuwa, nan ramin ya fi ci, domin gas ɗaya ne ke ciyar da su duka. Yanzu ina sauke hotunan na'urar hangen nesa ta James Webb, wadda ta fi Herschel kaifin gani, na filin nan, in ga ɗigogin Herschel nawa ne za su rabu biyu.