Ranar da Fiƙihu ya koma FiÆ™ihu

Wata Islamiyya ce a Tudun Wada, nan Kaduna, nake kula musu da shafin sakamakon jarrabawa. Iyaye kan shiga da lambar yaro su ga makinsa a waya. A ƙarshen zangon da ya wuce na kwashe komai zuwa sabuwar saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin a intanet, na kuma sabunta rubutun PHP da ke haɗa shafin da rumbun bayanai na MySQL. Kwana uku bayan haka, ina Kasuwar Barci, sai ga kiran shugaban makarantar.

Ya ce, "Ɗana, me ya samu sunayen yaran nan? Iyaye sai kira suke."

Na buɗe a waya. Darasin Fiƙihu ya zama FiÆ™ihu, Ɗahiru ya zama ÆŠahiru, alamar naira a gurbin kuɗin makaranta ta koma â‚¦. Waɗanda aka shigar a kwanaki ukun nan kuwa nasu daban ne: alamar tambaya ce zaune a wurin kowane ƙ da ɗ da ɓ.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa gobe."

Daren farko a kan shafin na ƙare shi. Na duba saman HTML, UTF-8, tsarin ajiye haruffa da ke ɗaukar har da ƙ da ɗ da ɓ, na nan a rubuce. Na sauya salon haruffa, na gwada Chrome da Firefox, babu abin da ya motsa. Sai wajen ƙarfe ɗaya, an ɗauke wuta ina aiki da sauran cajin kwamfuta, na tuna cewa rubutu kan bi matakai uku kafin ya iso idon mai karatu: inda aka ajiye shi, igiyar da ke ɗauko shi, da shafin da ke nuna shi. Ni na ƙarshen kaɗai nake ta tuhuma.

Na shiga rumbun kai tsaye na yi amfani da HEX() don in ga ainihin abin da ke kwance. A tsofaffin layuka, inda ƙ yake na ga C699, wato daidai yadda UTF-8 ke rubuta harafin da bayit biyu, wato ƙwayoyin da kwamfuta ke ajiye bayanai da su: C6 da 99. Ashe lafiyarsa ƙalau. Matsalar ita ce teburin tun asali latin1 ne, tsarin da ke ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda. Da can igiyar ma latin1 ce, don haka bayit ɗin kan wuce yadda suka shiga, shafin ya karanta su daidai, babu wanda ya san akwai ɓaraka. Da na sabunta rubutun PHP na mayar da igiyar utf8mb4, wato UTF-8 a MySQL, sai MySQL ta fara fassara su ɗaya bayan ɗaya: C6 ya zama Æ, 99 ya zama ™.

Sababbin layukan ne suka sa gabana ya faɗi. A wurin harafin, 3F na gani, alamar tambaya ta gaske. Latin1 ba shi da gurbin ƙ, sabar kuma ba a kunna mata tsauraran ƙa'idojin da za su sa ta ƙi karɓa ba, sai ta jefar da harafin ta sa alamar. Wannan babu umarnin da zai dawo da shi.

Kafin in taɓa komai na ɗauki kwafi da mysqldump, na yi gwaji a kansa. Gara da na yi hakan. Gwajin farko na juya teburin kai tsaye zuwa utf8mb4, sai ɓarnar ta zauna daram, C699 ya kumbura ya zama C386E284A2. Hanyar da ta yi aiki mataki biyu ce: a fara mayar da gurbin VARBINARY, yadda MySQL za ta daina kallonsa a matsayin rubutu, sannan a mayar da shi VARCHAR mai utf8mb4. Bayit ba su canja ba, sunan da aka laƙaba musu ne ya gyaru.

Da safe da na kai bayani, wani malami ya ce me zai hana a riƙa rubuta k da d da b kawai, kowa ya huta. Na fahimce shi, haka muke yi a WhatsApp kullum. Amma ban yarda ba. Baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Makarantar da ke koya wa yaro rubuta sunansa bai kamata ta miƙa masa takarda da sunan a gurguje ba, alhali Unicode ta tanadi gurbin haruffan nan.

Shugaban ya sa aka ɗauko rajistar aji. Ni da malamin nan muka zauna a ofis, yana karanto suna ina nemo mai alamar tambaya ina gyarawa, har aka kira sallar Azahar. Da muka dawo daga masallaci na kunna wa sabar tsauraran ƙa'idojin, na shigar da Ɗahiru na gwaji, na buɗe a tsohuwar wayar maigadi. Ɗ ya fito da ƙugiyarsa.