Wasiƙa Daga Bronx: Kafin Ka Ɗaura Wa Kekenka Inji

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida.

Ya iyali, ya haƙuri da tsadar mai? Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, saƙonnin da kuke turo min suka sauya salo. Da cigiyar waya ake yi da takalmi, yanzu kowa so yake ya ji yadda ake mayar da keke na lantarki. Na ga gara in amsa muku gaba ɗaya, da misalin wanda nake hawa a nan birnin Niyok.

Nawa irin wanda ake ce wa kuruza ne: faffaɗan sirdi, lanƙwasasshen kai da ke zuwa har gabanka, ka zauna a miƙe kamar hakimi a kan doki. Kamfanin Schwinn na Cikago ne ya fito da kakansa mai ƙatuwar taya a 1933, daga baya masu shan iska a bakin tekun Kalifoniya suka rungume shi. Don tafiyar ƙasaita a shimfiɗaɗɗiyar hanya aka yi shi. Bronx kuwa, yankin birnin da nake zaune, hawa ne da gangara, ga keken da nauyi, ga giya ɗaya tal.

Ƙafafunsa inci 29 ne, kuma wannan ba ado kawai ba ne. Kewayen irin wannan ƙafa ya fi na mai inci 26 da kusan kashi 10 cikin 100. In ka sa inji iri ɗaya a cibiyarsu, babbar za ta fi gudu da wannan kaso, amma a kan tudu za ta rasa ƙarfin ja da kwatankwacinsa, injin ya riƙa nishi yana ɗaukar zafi. Mai babbar ƙafa sai ya nemi injin da aka naɗa don ja, ba don tsere ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne birki. Yawancin kuruza ba su da birkin hannu; nasu yana cikin cibiyar ƙafar baya, sai ka murza feda baya keken ya tsaya. Ka ga ke nan in ka cire wannan ƙafar ka sa mai inji, ka zubar da birkinka. In kuma ka ce injin tsakiya za ka sa, irin na kamfanin Bafang da ke jan kaca, wanda aka fi sayarwa ba ya isar da murzawar baya ga kacar, sai ka yi ta juya feda keke na tafiyarsa. Ga shi ramin fedar kuruza ya fi na sauran kekuna faɗi, sai an yi masa ciko. Saura ƙafar gaba, can na sa nawa.

Wani dattijo ɗan zangon Kumasi ne ya yi min aikin, a wani ɗan shago da bai fi ɗaukar keke uku ba. Ko kwalin injin bai buɗe ba, ya ɗauko mayen ƙarfe ya manna a fok ɗin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, ya ga ya kama. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ƙarfe ne. Da sanholo ne da ka koma da kayanka. Kuma Malam, ba na ɗaura inji a keken da birkinsa ɗaya ne." Sai da ya haɗa birkin hannu a gaba, sannan ya kawo wani ɗan lebatun ƙarfe mai tsaga, ya zura shi a sandar injin, ya ɗaure ɗaya bakin a jikin fok tamau. Dalili kuwa, duk lokacin da inji ya juya ƙafa gaba, sandarsa baya take son murɗawa. A hankali take buɗa bakin fok, har ranar da ƙafar za ta fice ana cikin tafiya. Wannan ɗan ƙarfen bai kai kuɗin abincin rana ba, amma shi mutane suka fi tsallakewa.

Maganar ƙarfin inji ba ta da tsawo. Dokar tarayya a Amurka ta tsaya a wat 750 da gudun kilomita 32 a awa, ta Turai wat 250 da kilomita 25. A ganina Turawan can sun fi gaskiya, in dai tsohon keke ne.

Batir shi ne rabin kuɗin aikin, kuma a kansa nake roƙonku. Mai volt 48 da amfiya-awa 14 yana ɗauke da wat-awa 672, abin da zai kai mutum kilomita 40 zuwa 50 in yana ɗan taimaka masa da feda. Farantin sola mai wat 200 zai iya cika shi a yini guda, in an haɗa su da na'urar caji da ta dace. To amma a 2023 mutum 18 suka rasu a Niyok sanadin gobarar batiran litiyam. Dubban masu kai abinci gida-gida, cikinsu har da 'yan'uwanmu na Afirka ta Yamma, da irin waɗannan kekuna suke nema, kuma da yawa a ɗakin kwana suke caji da batiran araha. Daga watan Satumbar 2023 birnin ya hana sayar da keken lantarki ko batirin da bai ci gwajin ingancin da ake kira UL ba. Na san a gida akwai yara masu basira da ke farke tsofaffin batiran kwamfuta su jera ƙwayoyin su yi sabo. Don fitila ko fanka, madalla. Don keke, wanda ke zuƙar wuta da yawa lokaci guda yana kuma faɗawa ramuka, a'a. Ƙwaya ɗaya mai rauni ta isa ta tayar da sauran. Sannan litiyam ba ya son caji a zafin da ya wuce digiri 45, ku kuwa kun san abin da ɗakin kwano yake zama a Sakkwato ko Yamai cikin watan Afrilu. A yi caji a inuwa, a kan siminti, nesa da ƙofar fita, ana farke.

Ga masu tsohon Raleigh ko Phoenix, jikin kekenku ƙarfe ne na gaske, zai ɗauki inji. Birkin sandar nan ne abin dubawa, don ba ya kamawa sosai da zarar ruwa ya taɓa shi, saboda haka kada a wuce wat 250. Kuma a kula da wani tarko: ƙafar da masu sayarwa ke rubuta wa inci 28 galibi milimita 622 ce, taku kuwa 635 ce. Tayarku ba za ta zauna a kanta ba, birkin ma ba zai same ta ba. Ku duba gefen tayar, lambar tana nan a rubuce. In 635 kuka gani, ku sayi injin tsurarsa, ku kai wa mai gyaran keken da ya iya saƙar ƙafa ya ɗaura shi a cikin taku da gajerun wayoyi masu kauri.

A gaida mutanen gida duka.

Ɗan'uwanku a Bronx