Rana ta farko a kan teku

Yanzu ƙarfe ɗaya na dare ya gota, yatsuna sun yi tsami, amma bari in rubuta kafin barci ya kwashe ni.

Yau na fara buga wasan bidiyo mai suna Assassin's Creed IV: Black Flag. Tun 2013 kamfanin Ubisoft ya fitar da shi, ni kuwa sai yau Allah ya yi. Na zauna da niyyar minti talatin, sai da na kwashe awa biyar.

Ba a ma bari na gyara zama ba aka jefa ni cikin yaƙi a tsakiyar teku, da daddare, ga ruwan sama ga aman igwa. Jirgin ya tarwatse, na yi iyo zuwa gaɓa. Wanda nake sarrafawa sunansa Edward Kenway, mutumin Wales, kuma tun da fari ya nuna halinsa: ya kashe wani, ya tuɓe masa kaya ya saka, ya ɗauki sunansa don ya je Habana, babban birnin Cuba, ya karɓi ladan da aka yi wa mamacin alkawari. Ɓarawo ne mai idon cin naira, ba ya ko ɓoyewa, abin da ya sa ya burge ni ke nan.

Habana ta yi kyau, amma ta ba ni wahala. In ce wa Edward ya gudu, sai ya ɗare bango kamar ƙadangare. Akwai inda aka ce in bi wasu mutane a ɓoye ina sauraron hirarsu. Sau huɗu ana gano ni, na huɗun ma da ƙafata na diro gaban mai gadi. Na kusa kashe na'urar.

Da na kashe da na yi asara. Can gaba aka kama Edward aka ɗaure shi a cikin ayarin jiragen Sifaniya masu dakon dukiya, tare da wani bawan Allah mai suna Adéwalé. Muka kwance, muka 'yanta fursunoni, muka sace jirgi, sai guguwa ta taso. Wannan guguwar ba ƙirƙira ba ce, a Yulin 1715 ta nutsar da jirage 11 na ayarin a gaɓar Florida. Igiyar ruwa ta miƙe kamar dutse, dole ka juya mata hancin jirgi, in ta same ka ta gefe mutanenka sun tafi. Sai na tsinci kaina ina karkata jiki a kan kujera, wai ina taya jirgin juyawa.

Jackdaw aka raɗa wa jirgin. Nauyi gare shi, ba ya juyawa don ka matsu, sai ka lallaɓa shi ka duba inda iska ta dosa. Igwa na harbi ta gefe, saboda haka sai ka jera da abokin gaba kafaɗa da kafaɗa kafin ka sake masa wuta. Kafin nan za ka ɗaga madubin hangen nesa ka ga abin da ya ɗauko: sukari, katako, ƙarfe ko yadi. Na raina ƙarfen da farko, ashe da shi ake ƙara wa jirgi ƙarfi.

Inda wasan ya sace min zuciya kuwa babu faɗa a wajen. Ruwa ya kwanta, rana na faɗuwa, kawai sai wani daga cikin matuƙan ya ɗauko waƙa, sauran suka amsa. Ana iya tsallake tafiyar, amma na ƙi. Na bar su suka kai ƙarshe, suka ɗauko wata.

Gobe zan nemi ƙarfe. Akwai wani ƙaton jirgin yaƙi da ya nutsar da ni sau biyu, na riƙe inda yake a taswira.