Abin da Na Koya a Gaban Baƙin Allo

Na fara koyarwa a makarantar firamare a shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Yaran da aka kawo a wannan shekara sun zarce adadin da aka yi tsammani, har wasu azuzuwan a gindin bishiya ake yin su, mu kuma da muka fito da takardar shaidar malanta mai daraja ta biyu aka damƙa mana azuzuwa cike maƙil. A irin wannan cunkoso malami yana iya shekara guda da yaro bai taɓa jin muryarsa ba.

Dabarar da ta fisshe ni daga makarantar allo na ɗauko ta. Malamin allo ba ya yi wa yaro ƙari sai ya zo gabansa ya biya karatunsa shi kaɗai, ba ya kuma ba shi izinin wanke allo sai ya tabbata karatun ya zauna. Saboda haka na tsara wa kaina cewa kowace rana zan kira wasu yara ɗaya bayan ɗaya su karanta mini layi biyu ko uku, ina farawa da na bayan aji waɗanda suke sunkuyar da kai idan an yi tambaya. Aikin yana cin lokaci, wani sa'in har sufeto ya zo ya tarar ban kai inda manhaja ta ce in kai ba, amma ta haka na gane wanda bai iya haɗa baƙi da wasali ba, da wanda ba ya hangen rubutun allo, da wanda ya fito gida bai karya kumallo ba. Tsofaffin ɗalibaina da suke zuwa gaishe ni da Sallah, cikinsu har da masu furfura yanzu, da wuya su ambaci darasin da na koyar. Abin da suke tunawa shi ne ranar da na kira su da sunansu na saurare su har suka kai aya.

Harshe ma ya taimaka ƙwarai. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta amince a koyar da yaro da harshen uwa a shekarun farko, ni kuwa na riƙe wannan da gaske. Da naira da kwabo da mudun gero nake koyar da lissafi, domin yarinyar da take tallar ƙosai ta riga ta iya ɗebewa da tarawa, ba ta dai san yadda ake rubuta su ba.

Babu abin da yara suke lura da shi kamar adalci. Idan ɗan dagaci da ɗan mai faskare suka makara, hukuncinsu ɗaya ne, kuma ajin gaba ɗaya yana kallo. A ganina bulala ba ta taɓa sa wa yaro son karatu ba, tana dai sa shi ya yi shiru. Wani lokaci kuma aikin yana kai malami har zauren gida. Na taɓa zuwa wurin wani dattijo da ya yi niyyar cire 'yarsa daga aji biyar, ya ce mini, "Malam, ai karatun ya isa haka." Na ce, "Baba, a yi mini alfarma a bar ta ta yi jarrabawa, ni zan tsaya mata." Ya amince bayan na yi ta komawa, kuma yau ungozoma ce a asibiti.

Sai dai ba daidai ba ne a ɗora wa malami wannan nauyi a kuma bar shi cikin ƙunci. Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a Midil ta Bauchi da kwalejin horon malamai ta Maru, ya ga haka tun 1948 da ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa don kare martabar aikin. Malamin da albashinsa ya makale, wanda yake fita neman abin cefane da zarar an tashi, ba zai sami sukunin duba littattafan yara ko zuwa gidan iyayensu ba. Matasan da suke zuwa gwajin koyarwa daga kwalejojin ilimi suna da himma, kuma nakan shawarce su da su fara da haddace sunayen da ke cikin rajista tun makon farko, kafin su buɗe littafin tsara darasi.