Jira in sa riga tukuna

Ranar addu'ar arba'in ta kakana a Aboabo, unguwarmu a Kumasi ta ƙasar Ghana, mun birkice gidan kaf muna neman hotonsa, ba mu samu ba. Mutum ya haura shekara tamanin, ya aurar da 'ya'ya, ya je Makka ya dawo, amma abin da ya rage na fuskarsa ɗan hoton jikin katin zaɓe ne. Shi muka kai aka faɗaɗa, ya fito dishi-dishi kamar wanda aka hango cikin hazo. Kaka ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Wannan ba Malam ba ne." Ta kife shi a kan akwati.

Ni sana'ata gyaran waya ce a Adum. Na yi wata bakwai ina tari kafin na sayi kyamarar Canon 600D ta hannu, da lensi guda ɗaya mai lamba 50, wanda ba ya jawo nesa kusa. In kana son mutum ya cika hoton, ƙafarka ce za ta kai ka gabansa. Na kai ta wajen wani dattijo a Alabar da kowa ke kira Baba mai hoto, wanda ya yi zamanin fim da wanke hoto a ɗaki mai duhu. Ya juya ta a hannu, ya miƙo mini, ya ce kada in fara da zango. "Nan kowa ya san ka. Wani zai yi maka dariya, wani zai tsaya maka don kunyar uwarka. Je ka ƙauyukan Tonawa, wato Asante, inda ba wanda ka taɓa gyara wa waya."

Bonwire na fara zuwa, garin masu saƙar kente. Na shiga tirotiro, wato bas ɗin haya, daga tashar Kejetia da sassafe, na tarar har an zauna kan masaƙa. Duk wanda ya taɓa ganin masaƙin Arewa ba zai yi baƙunta a wurin ba: ƙyalle ne siriri, faɗinsa wajen inci 4, ana saƙa shi da tsawo sannan a jera a ɗinke ya zama zane. Ƙoshiya na kai da komo, yatsun ƙafa na jan igiya, ƙarar kamar ana kaɗa ƙaramin kalangu. Na ɗauki hoto sama da ɗari biyu, na koma gida ina jin kaina.

Baba mai hoto bai wuce na goma ba ya ajiye. Zaren rawaya da kore sun fito tas, fuskokin mutane kuwa baƙi ƙirin, ba ido ba hanci. Ya ce kyamara ba ta san wane ne mutum a cikin hoto ba, ita dai tana haɗa hasken wuri duka ta raba daidai. In akwai zane mai haske ko rana a bayan mutum, sai ta rage hasken gaba ɗaya, mai baƙar fata shi ke biyan bashin. Maganin shi ne ka auna hasken a kan kuncin mutumin, bayan kuma ya ƙone in ya ga dama. Ya kuma nuna mini wani kuskuren. Saboda an ce mini buɗe lensi har 1.8 na narkar da bayan hoto, sai na bar shi a nan ko'ina, ga shi ƙarshen hanci ya fito sarai, ido ya dushe. Tun daga ranar nake tsayawa a 2.8 ko 4, in ɗora saitin a kan idon da ya fi kusa da ni. Hannun masaƙi kuwa sai ka kai gudun ɗauka 1/250 kafin ya tsaya cak, a cikin rumfar kwano kuma dole ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 800 ka haƙura da ɗan tsakin da zai fito.

Ntonso, a hanyar Mampong, na koma da hannu ya ɗan faɗa. Can ake buga adinkira: a daka ɓawon itacen badie a turmi, a dafa ruwansa har ya yi kauri ya yi baƙi, a tsoma hatimin da aka sassaƙa daga ƙwarya a danna a kan yadi. Hotunan sun yi kyau, ba ƙarya. Sai dai mutanen sun saba da baƙi masu kyamara, kana ɗagawa murmushin ya riga ka isa. Irin hoton kalanda ne, kowa ya je zai dawo da irinsa.

Da na ce za ni Besease, kusa da Ejisu, Mma, mahaifiyata, ta ajiye ludayi ta ce, "Me zai kai ɗan Musulmi gidan tsafi?" Na ce gini zan kalla. Ba ta gamsu ba, amma ta bar ni da addu'a. Gidan na cikin tsofaffin gine-ginen Asante guda goma da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1980. Irinsu sun yi yawa a da, amma sojojin Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, yaƙin Yaa Asantewaa na 1900 ya biyo baya, sai na ƙauyuka suka tsira. Ɗakuna huɗu ne suka kewaye tsakar gida, jinka mai tsini a sama, ƙasan bango jar ƙasa da aka goge har tana sheƙi, samansa fari, an yi masa zane mai tudu da ya tuna mini hotunan gidajen Kano da Zariya da nake gani. Ni abin da na tsinta a wurin haske ne. Mai yi mana bayani yana tsaye a inuwa, amma fuskarsa a haske take, har da ɗigon fari a ƙwayar ido. Na waiwaya, ashe farin bangon da ke fuskantarsa ne ke maido masa da rana.

Na dawo na sayi farin yadi biyu don in riƙa maido haske da shi. Mma ta gan ni ina naɗewa cikin jaka ta yi salati, wai wane tsoho ne zai ga yaro ya buɗe masa farin yadi a gaba hankalinsa ya kwanta? Gaskiya ta faɗa. Na koma farin kwali, har yau shi nake yawo da shi.

Akwai ranar da ba na son tunawa. A wani ƙauye da ba zan ambata ba, na hango wata tsohuwa tana ginin tukunya, tana zagaya ta a sunkuye, hasken safe na zuba a bayanta. Na tsaya daga nesa na ɗauka, sau uku. Ta miƙe a hankali, ta wanke hannu, ta yafito ni. Cikin Tonanci ta tambaye ni ko akuya na gani ɗaure a gindin itace. Na ce, "Maame, mepa wo kyɛw," ina ta ba da haƙuri. Ta sa na goge a gabanta. Abin kunyar shi ne a Kumasi aka haife ni, na san al'adar sarai: baƙo ya gaisa, a ba shi kujera da ruwa, sannan a tambaye shi abin da ya kawo shi, abin da suke kira amanneɛ. Mu ma ai ba ma faɗa wa gidan mutum ba sallama. Amma ina sa ido a ramin kyamarar nan sai duk tarbiyyar ta zube.

Wata Hajiya mai sayar da goro, da ta kawo gyaran waya, ita ta ce mini, "Kai da kake bin ƙauyukan mutane, ka je namu kuwa?" Ta kwatanta mini wani ƙauye da ake ratsewa daga hanyar Offinso, inda take sarin kaya. Zangon wurin bai fi gida goma sha biyu ba, da ɗan masallaci mai rufin kwano, gonakin koko sun kewaye shi, itatuwan goro sun yi musu rumfa daga sama. Lokacin hunturu ne, watan Janairu, hazo ya tace rana ta yi laushi.

A ƙofar gida na tarar da Baba Alhaji zaune a tabarma, daga shi sai singileti da tsohon zane, kwanduna shimfiɗe da ganye a gabansa, yana tsince goro ɗaya-ɗaya. Fari gefe, ja gefe, wanda sankara ta taɓa ya jefa a wata tasa tun bai ɓata sauran ba. Hasken hantsi ya kwanta a kafaɗarsa. Wallahi hannuna har ƙaiƙayi yake. Amma tsohuwar nan mai tukunya na raina, sai na yi sallama, na durƙusa, na ajiye jakar a gefen tabarma. Aka kawo ruwa. Ya tambayi gidanmu, ya ɓara daushe ya ba ni rabi. Mun fi awa muna hira kafin na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, "To, jira in sa riga tukuna."

Na ce, "Baba, ai a haka ma ya yi kyau."

Ya dube ni ya ce, "Ya yi wa wa kyau?"

Ya shige ciki. Minti arba'in ina zaune ina kallon hasken nan yana tafiya, rana na hawa tsakiyar kai, irin wadda ke mai da idon mutum rami biyu. Da ya fito, farar babbar riga ce ta shadda, wato abin da ya fi komai wahalar aunawa a jikin baƙin mutum, ga hula, ga carbi, har da turare kamar kyamara na jin ƙamshi. Raina ya ɗan ɓaci, ba zan ɓoye ba. Hoton da na zo nema ya tafi.

Na roƙe shi mu koma bakin zaure. Na sa kujerarsa taku ɗaya daga cikin inuwa, fuskarsa na kallon waje, jikansa ya riƙe kwalin daga ƙasa ta hagu. Na auna a kunci, na duba kada aikin wuyan rigar ya ɓace cikin fari, na tsaya a 2.8 da 1/200. Komai ya daidaita sai shi. Ya sandare, ya haɗe rai, ya zuba wa lensi ido, hoton katin zaɓe sak. Na ɗauki biyar na sauke kyamarar a cinya, na ce, "Baba, mahaifinku ta wace hanya ya zo nan?"

Nan bakin ya buɗe. Ya ce kakanninsu fatake ne daga ƙasar Kano, masu zuwa Gwanja da jakuna, su kawo kanwa da tufafi su koma da huhun goro, tafiyar watanni. A Salaga ake haɗuwa da goron kurmi, Bahaushe ba ya wuce nan. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, kasuwa ta tarwatse, sannu a hankali mutane suka gangaro har gindin itacen. Mahaifinsa a cikin na baya ya zo, ya auri 'yar garin, aka ba shi wurin da muke zaune. Sai ya zo kan 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasa. Yayyensa biyu, waɗanda ba uwa ɗaya suke ba, suka hau babbar mota zuwa Najeriya. Shi dangin uwarsa suka riƙe shi. Wasiƙa ta zo sau biyu, daga nan shiru.

Ya sa hannu a aljihu ya zaro goro, ya tsaga shi da babban yatsa bai ci ba, idonsa na kan hanyar da ta fita gari. Na ɗaga kyamarar a hankali. Ya san na ɗaga, bai juyo ba, bai kuma hana ba. Sau biyu na danna.

Har yanzu ina ganin da na ɗauki na singiletin nan da ya fi samun masu yabawa a Facebook. Amma a tirotiron dawowa na riƙa tambayar kaina, da wani yaro ya zo Aboabo lokacin Malam na da rai, ya same shi yana alwala da tsohon zane, wanne Kaka za ta so a bar mata? Limamin garin kuwa da na tambaye shi cewa ya yi shi ba ya hoto, ko na hannu da allo. Na ce Allah ya ƙara wa Malam lafiya, muka ci gaba da hirarmu.

Wankin hoton ma sai da ya koya mini nasa. Fuskar kwamfuta tana da haskenta, takarda ba ta da shi, don haka na farko da aka wanko ya yi duhu, rabin fuskar ya nutse. Na ƙara haske aka sake, inci 8 da 10, na sa a firam. Baba mai hoto ya duba ya daɗe, abin da ya ce kawai shi ne in gyara tsayuwata, na ɗan yanke gefen hannun riga.

Bayan mako uku na koma. Baba Alhaji ya karɓa, ya miƙe hannu da shi nesa saboda ido, ya ƙwala wa Hajiyarsa kira. Ta fito tana goge hannu a zane, ta leƙa ta kafaɗarsa, ta ce, "Shi ne."

Shi kuwa ya matso da shi kusa, ya ƙara nisanta shi, ya ce, "Yaro, hular nan ai ta karkace. Kana kallo ba ka faɗa mini ba?"

Na ce ban lura ba, Baba.

Ya ce to in dawo Juma'a ta sama, bayan an sauko daga masallaci, a sake. Hajiya ta ce in dai da ita za a yi, sai dai ta gaba da ita, don sai ta yi lalle, kuma ɗinkinta na wajen tela a Offinso.