Renon Kifin Diskas: Inda Aka Kwana Bayan Rabin Shekarar Farko

'Yan'uwa masu koyon wannan kiwo, kifayen diskas shida (wani nau'in kifin ado ne da ake ajiyewa a tankin gilashi) da nake reno sun haura rabin shekararsu ta farko, kuma lokaci ya yi da zan sanar da ku halin da suke ciki. Sun zo hannuna tsawon kowannensu bai wuce santimita 5 ba, yanzu kuwa huɗu sun doshi santimita 11, na biyar yana biye da su, na shidan ne kaɗai aka bari a baya sosai. Abin da ake nema a ƙarshe shi ne kifi mai santimita 15 ko fiye, mai jiki zagayayye kamar faifai, kuma mafi yawan wannan girma a shekarar farko ake samunsa. Abin da ya kuɓuce a wannan lokaci da wuya a dawo da shi daga baya, ko da an ninka abinci.

Asalin diskas yankin kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, inda yake zaune a ruwa mai ɗumi, marar ƙarfin gudu, tsakanin saiwoyi da rassan itatuwan da ruwa ya shanye. Shi ya sa na tsayar da zafin tankina tsakanin digiri 29 da 30 a ma'aunin Salshiyas, domin a wannan ɗumin ne ƙananan suke cin abinci da marmari. Sai dai ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, saboda haka ba na kashe famfon iska dare da rana. Game da ma'aunin pH kuwa, wato ma'aunin tsamin ruwa, ban ga amfanin bin sa da magunguna ba. Kifin da aka ƙyanƙyashe a tanki yana sabawa da ruwan da ya samu, muddin ruwan bai riƙa sauya hali ba daga yau zuwa gobe.

Ina ciyar da su sau biyar a rana, kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da za su cinye cikin 'yan mintuna. Da safe da yamma ina ba su niƙaƙƙiyar zuciyar saniya wadda aka cire wa kitse da jijiyoyi, a tsakani kuma busasshen abincin kifi mai inganci, domin kada su saba da abu ɗaya su ƙi sauran.

To amma a nan ne nake so mu tsaya da kyau, domin a ganina ruwa ne ke girmar da diskas, abinci taimaka masa kawai yake yi. Wani kaso na abin da kifi ya ci yana komawa ruwan a matsayin amoniya, ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a soson matata su mayar da ita naitirait, sannan naitiret. Biyun farko guba ne, dole gwaji ya nuna babu su ko kaɗan. Na ukun kuma taruwa yake yi a hankali, kuma a tankin da babu shuke-shuke, canjin ruwa ne kaɗai ke rage shi. Ina ƙoƙarin kada ya haura miligiram 20 a kowace lita, kuma da irin wannan ciyarwa ba na cimma hakan sai na canza kusan rabin ruwan kullum. Sabon ruwan yana kwana a ganga da hita da iska, bayan na sa masa maganin cire kilorin, ta yadda zafinsa zai yi daidai da na tankin kafin ya shiga. Ƙasan tankin na bar shi fili, babu yashi babu tsakuwa, domin in ga kashi da ragowar nama in zuƙe su da tiyo nan take. Na san bai da kyan gani, kuma wanda ya sayi diskas don ado zai ji nauyin haka, amma tankin reno daban yake da tankin nuni. Ina kuma goge gilashin ta ciki, saboda diskas kifi ne mai yawan yauƙi a jiki, har ma da wannan yauƙin iyaye ke ciyar da 'ya'yansu a kwanakin farko, kuma yana manne wa bango ya zama mazaunin ƙazanta. Soson matata a tsohon ruwan tanki nake matse shi, ba a ruwan famfo ba, don kada bakteriyar ta mutu.

Idan kuna son sanin ko kifi yana girma daidai, ku dubi idonsa kafin ku ɗauko ma'auni. Ido yana ci gaba da girma ko da jiki ya tsaya, saboda haka kifin da idonsa ya yi wa jikinsa girma, jikin kuma ya yi tsawo maimakon ya zagaye, ya fara tsumburewa. Na shidan nawa ya fara nuna alamar haka, kuma dalilinsa a fili yake: diskas suna da manya da ƙanana a tsakaninsu, masu ƙarfi suna korar mai rauni daga wurin abinci. Wannan ne ya sa ake ba da shawarar riƙe aƙalla shida, domin tsangwamar ta rarrabu. Yanzu ina zuba abinci a kusurwa biyu a lokaci guda, kuma na ga ya fara samun rabonsa. Launinsa bai yi duhu ba, bai maƙale a lungu ba, kashinsa kuma ba fari ba ne mai kama da zare, wanda shi ne alamar da ke sa a yi zargin cutar hanji, don haka ban ba shi magani ba.

Mataki na gaba shi ne mayar da su tanki mafi girma, domin babban diskas yana bukatar kimanin lita 40 shi kaɗai, wato shida ba za su sake ba a ƙasa da lita 240. Zan kai tsohon soson matata can tare da su don kada sabon tankin ya fara daga tushe. Idan sun cika shekara zan rage ciyarwa zuwa sau biyu ko uku a rana, in sassauta canjin ruwa gwargwadon abin da gwajin naitiret ya nuna, yashi da shuke-shuke kuma su jira har sai girman ya tsaya.