An sallame mu: godiya ga waɗanda na gani da waɗanda suka ɓuya

Jama'a, an sallame mu daga asibiti. Baban yara yana gida a Wusasa, ƙafar tana ɗaure amma kumburin ya sace, jiya har ya nemi tuwon masara da miyar kuka ya cinye tas. Yabo ya tabbata ga Allah Uba, da Ubangijinmu Yesu Almasihu da bai juya mana baya ba. Ba zan maimaita labarin hatsarin da ya ji masa rauni a ƙafa ba, duk kun ji, wasunku ma kun riga ni isa Kwangila ran nan. Jikina yanzu kamar an daka ni a turmi, amma na ce ba zan kwanta ba sai na sauke wannan nauyi.

Baba Rabaran ya ja mini kunne cewa kada in tsaya jera sunaye, mutanen nan ba don a ambace su suka yi ba. Baba, ka yi haƙuri, sunan yanka ba zan kira ba, amma wasu sai na nuna su. Mai keken da ya ɗauki Baban yara cikin jini, ya ɓata kujerarsa, na miƙa masa kuɗi ya ce in riƙe na sayi magani. Ɗaliban nan daga Samaru da suka ba da jini, suka sha lemo a tsaye suka koma aji, ban ko tambayi garuruwansu ba. Nas ɗin dare, doguwar, wadda ta ara mini bargonta. Malam mai shago na bakin layinmu, wanda daga dawowa sallar asuba yake zuwa ya kwashi yarana ya kai makaranta tare da nasa, Hajiyarsa kuma ta riƙe mini autata ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Mawaƙan coci, matasa, da iyayena 'yan Zumuntar Mata. Allah ya san ku ɗaya bayan ɗaya.

Amma abin da ya hana ni barci shi ne zancen wata kular abinci.

Daren da likita ya ce sai an sa ƙarfe a ƙafar, aka rubuta mini kuɗin tiyata a takarda. Na duba, na naɗe ta, na sa a bakin zane. Abin da ke hannuna bai kai rabi ba, kuma na riga na sayar da keken ɗinkina. Na fita baranda na zauna a ƙasa, sanyin hunturu yana shiga ƙashi, ban iya addu'a ba, sunan Yesu kawai nake maimaitawa. Tun da yamma aka aiko da abinci daga gida a wata tsohuwar kula mai ruwan ƙasa, murfinta ya tsage an ɗaure shi da tsumma. Ban buɗe ba sai wajen tsakar dare da yunwa ta ci ƙarfina. Na ɗaga malmalar tuwo, sai ga baƙar leda a ƙasa, an ƙulle ta tam. Kuɗi ne. Ba sababbi daga banki ba: 'yan ɗari biyu-biyu da ɗari biyar-biyar, sun yi laushi don shan hannu, wasu da tabon manja, suna ƙanshin daddawa. Na ƙirga hannuna yana rawa. Da su da abin da ke wurina, da ɗan abin da ƙanina ya turo da safe, aka shiga da shi tiyata.

Babu takarda, babu suna. Yaron da ya kawo ya ce a ƙofar gida ya tarar da ita. Na tambayi shugabar Zumuntar Mata, ta ce, "'Yata, ci tuwonki, wa ya aike ki bincike?" Na tambayi sauran, kowacce ta ɗauke kai ta shiga wata hira. Wanda ya ga irin kuɗin nan ya san daga ina suka fito: daga faranti ne da tire da bakin kasko, daga matan da ke wuni a rana a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada don ribar da ba ta taka kara ta karya ba.

Tun ina yarinya kakata take karanta mana Matiyu sura 6 daga tsohon Littafi Mai Tsarkinta na Hausa, irin fassarar 1932 ɗin nan da Likita Miller ya sa hannu a ciki. Yesu ya ce in za ka ba da sadaka kada ka busa ƙaho a gabanka don mutane su yabe ka, kada ma hannunka na hagu ya san abin da na dama yake yi, Ubanka da ke gani a ɓoye shi zai sāka maka. Kullum na ɗauka maganar don mai bayarwa ce, kada ladansa ya zube. A barandar nan na gane akwai rabon mai karɓa a ciki. Ran Lahadi zan shiga sujada in zauna cikin matan nan kaina a ɗage, ba wadda zan gani in sunkuyar da kai don na ci kuɗinta. Sun biya tiyata, sun kuma bar mini mutuncina. Wanda bai taɓa miƙa hannu ba ba zai san tsadar wannan ba. Shi ya sa Ubangiji ya zauna daura da akwatin baiko, a Markus sura 12, ya bar attajirai suna zubawa, ya nuna wa almajiransa gwauruwa mai 'yan tsabar kuɗi biyu.

Ba na son ɓata farin cikin yau, amma zuciya ba dutse ba ce. Akwai na jini da ke cikin Zariyan nan, kuɗin keke kawai tsakaninmu, har aka sallame mu ba mu ga ƙeyarsu ba. Akwai wanda ya zo sau ɗaya da katan ɗin lemo, ya sa aka ɗauke shi hoto a gefen gadon marar lafiya, kafin ya kai bakin titi hoton yana Facebook. Mun sha lemon, mun gode. Yaƙub dai, a wasiƙarsa cikin Littafi Mai Tsarki, ya yi magana a kan mai ce wa ɗan'uwa ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, bai ba shi komai ba. Na bar shi a nan. Wataƙila kowa da uzurinsa.

Ku kuwa da kuka ɓuya, Allah na sama da ya gan ku ya tona asirinku da alheri. Ya sa albarka a jarinku, kada tukunyarku ta kwana a kife. Ya raya muku 'ya'ya, ya tsare mazanku a kan hanya, kada ya nuna muku daren da na gani. In kuwa ya zo, ya aiko muku da wanda zai tsaya muku ninkin ba ninki. Ya tuna da mai keke, ya ba ɗaliban nan sa'ar jarrabawa, ya buɗa wa Malam kasuwa. Waɗanda muka baro a gadajen asibiti, musamman dattijon da ke kusa da mu wanda ba mai zuwa duba shi, Ubangiji ya taɓa su da hannun warkarwa. A cikin sunan Yesu, amin.

Za mu yi sujadar godiya da zarar Baban yara ya iya takawa da sanda, zan sanar. Masu son zuwa dubiya, don Allah a bari sai bayan la'asar, da rana maganin yana sa shi barci. Masu kwanuka da filas a wurina kuma, duk na wanke, a turo yara su karɓa.